Hannun Da Ka Fizge

Zuwa ga Tihomir, hasken safiyata, sanyin ruwan da ke gangarowa daga dutse idan ƙanƙara ta narke,

Ka yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto maka, ni da ko gaisuwarka ba na iya amsawa sai kaina a sunkuye. Amma raina a ɓace yake, kai kuma ka ɓata shi.

Ka tuna ɗaya ga Maris, ranar da kowa ke ɗaura wa nasa zaren ja da fari na fatan lafiya? Kwana uku na yi ina murɗa naka. Na zo zan ɗaura maka a hannun hagu, ka fizge a gaban 'yan aji kamar wuta na kawo. Har ana tsokanata wai ko da ƙaya na saƙa shi. Mako biyu ina jin haushin kaina. Sai jiya ƙanwarka Bilyana ta gaya mini gaskiya: a hannun nan jijiyar wankin ƙodarka take, ko agogo ba a ɗaura masa. Ashe ranakun da kake cewa kana taya kawunka aiki, kwance kake jikin na'ura! Wace irin yarinya ka ɗauke ni? Wadda za ta ji ba ka da lafiya ta gudu?

Wannan na yafe. Takardar asibitin birnin Sofiya ce ba zan yafe ba. Bilyana ta ce zuciyarka ma ta fara gajiya, kuma likitoci sun gayyace ka gwajin da za a ɗebi ƙwayoyin asali daga ɓargonka a mayar maka ta jini, ko ƙodar da zuciyar za su samu sauƙi. Wai ka cusa takardar ƙarƙashin littattafai, ka ce kai ba zomon gwaji ba ne, tunda ba su yi alkawarin warkewa ba. Na bincika, na san babu tabbas. To, hakin da kake yi a matakalar makaranta, shi wane alkawari ya yi maka?

Ya kai shamuwar da nake jira, inuwar hanyata, Juma'a ake rufe karɓar suna. Ka je, ka yi musu duk tambayoyinka, ka sa hannu. In an dace, ni taka ce. In ba a dace ba, ni dai taka ce.

Ina neman izinin sake rubuto maka. Amma ka sani, ba gidanku zan aika ba, asibitin zan aika. In kana son karantawa, sai ka je can ka karɓa.

Taka muddin ina numfashi,
Nevena