Takabar Dada a Gidan da Aka Sa a Kasuwa

Herwagana, Gombe.
2 ga Maris, 2015.

Zuwa ga Dozie,

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci mutanen da suka tashi a tsakar gida ɗaya, ina fatan kun fara sabawa da zaman Onitsha. Yaya jikin Baba Kanayo? Allah ya ƙara masa sauƙi. Ka gaishe da Mama Cordelia, ka shaida mata cewa mahaifiyata Dada ba ta yini ba ta ambace ta ba.

Na zaɓi takarda ne domin sau huɗu na kira ka ba ka ɗaga ba, kuma domin ina so abin da zan faɗa ya zama rubutacce, kada gobe wani ya yi inkarinsa.

Ba ni da ja game da sayar da gidan nan. Mallakin mahaifinka ne, rashin lafiya ta kwantar da shi, ya ɗora maka al'amarin. Ba na kuma ganin laifinku da kuka bar Gombe kafin zaɓe, garin da bam ya tashi a tashar motarsa ya ɗauke mini mahaifina Baffa da rana tsaka. Abin da nake tuhumarka da shi daban ne.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, ba na gida, dillalinka Bamanga ya buɗe ƙofa da makullin da ka bar masa, ya shigo da maza uku. Sallama ɗaya ya yi, bai jira amsa ba. Dada tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, ko mayafi babu a kanta. Ka san takaba take yi. A Gombe aka haife ka, ba ka buƙatar in yi maka sharhin abin da ake nufi da matar da ke cikin wata huɗu da kwana goma na rasuwar mijinta. Ta ruga ta shige madafi ta ja ƙyaure, ta zauna cikin hayaƙi kusan awa guda, su kuwa suna cikin ɗakinta suna awon bango. Ɗaya ya taka dardumarta da takalmi. Wani ya sauke hular Baffa daga ƙusar da take rataye, wai yana duba ko bangon ya tsage, ya bar ta a kan gado. Da na dawo na tarar da ita riƙe da hular. A wannan zamani da ake caje mutum kafin ya shiga masallaci, baƙi uku sun shiga ɗakin uwata, ɗaya da jaka a kafaɗa, ba wanda ya san sunayensu.

Shekara biyar na yi ina karatun shari'a, saboda haka bari in tunatar da kai abin da dillalinka ya jahilta. Wa'adin hayarmu bai cika ba sai ƙarshen Yuli. Muddin bai cika ba, bangon naku ne, amma hurumin da ke cikinsa namu ne. Niyyar sayarwa ba ta soke wannan haƙƙi, kuma makullin da ke aljihun Bamanga ba izini ba ne. Daga yau ina buƙatar sanarwar kwana biyu kafin a kawo kowa, a zo ranar Asabar bayan la'asar ina nan tsaye, a gaya mini sunan mai zuwa. Ɗakin Dada kuwa, namiji ba zai sake leƙa shi ba sai ta fita takaba. Wanda yake son ganinsa ya turo matarsa ko uwarsa.

Ban roƙi alfarma ba, Dozie, na bayyana ƙa'ida ne. Ina jiran amsarka a rubuce.

Maƙwabcinka,
Abdulmumini.


Herwagana, Gombe.
23 ga Maris, 2015.

Dozie,

Ina gaishe ka gwargwadon yadda tarbiyya ta wajabta mini. Ina tambayar jikin Baba Kanayo da zuciya ɗaya, domin shi bai yi mini komai ba. Allah ya tashi kafaɗunsa.

Amsar wasiƙata mai shafi biyu ita ce saƙon tes mai layi biyu, cewa in yi haƙuri, za ka yi wa Bamanga magana. Ban san irin maganar da ka yi masa ba, amma bayan kwana uku ya dawo da wasu mutane ranar Alhamis, ba sanarwa. Ya tarar na canja kwaɗon ƙofa, na kuma manna sharuɗɗan nan a jikinta da manyan baƙaƙe. Ya tsaya a titi yana ce wa mutane wai an samu lauyan da ko rigar lauya bai saka ba yana hana Musulmi cin abinci. Na fito na ce masa rigar tana hanya, amma doka ta riga ta iso. Bai ji daɗi ba, ni ma ban yi nufin ya ji ba.

Sai ga kiranka, kai da wayarka ba ta shiga. Ka ce ina korar masu saye, ka ce asibiti ba ya jira, ka ce shekara goma sha tara mahaifinka bai taɓa tsananta mana ba. Duk gaskiya ne. Amma a cikin shekarun nan goma sha tara, a ɗakin wa kake kwana duk lokacin da Mama Cordelia ta tafi sarin kaya? Wa ya ɗaure maka hannu ran da ka faɗo daga bishiyar mangwaron bayan gida? Kai ma Dada kake ce mata, ban taɓa jin ka kira ta 'yar haya ba sai a wayar nan.

Yanzu ga babbar mas'alar. Jiya Bamanga ya sanar da ni, yana murmushi, cewa an samu mai saye, wani ɗan kasuwa da rikici ya koro daga Bama da iyalinsa, kuma ka yi masa alkawari zai karɓi gidan babu kowa a ciki nan da mako uku. Ya ƙara da cewa ka yi karamci, ka ce a kama mana ɗaki biyu a unguwar Barunde, masu fanka da ruwan famfo, ka ɗauki nauyin motar kwashe kaya.

Na yarda ka ɗauka alheri ka yi, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ka zaci matsalarmu rashin wurin kwana ce. Mai takaba ba ɗaki take nema ba, Dozie. A gidan da mijinta ya bar ta, a nan take cika kwanakinta, ba ta sauya shi sai da lalurar da ta fi ƙarfinta. Dada tana da ƙwayar dabino a cikin gwangwani, kullum bayan sallar asuba ta cire ɗaya. Yau saura talatin da bakwai. Mako ukunka kwana ashirin da ɗaya ne. Ko fada ka gina mata a Barunde, ka ƙwace mata kwana goma sha shida na abu na ƙarshe da ya rage ta yi wa Baffa.

Ban gaya mata ba tukuna. Da na shiga ɗakin da niyyar faɗa mata, sai ta tambaye ni ko kana cin abinci sosai a can, domin ta san ba ka son yaji. Sai na fasa, na fito.

Ka sani, alkawarin da ka ɗauka a kan abin da ba ka da ikonsa ɓatacce ne tun daga tushe. Sayar da gida ba ya kashe hayar da ke kansa, mai saye yana gadonta ne. In kotu kake so, na shirya, kuma zan yi farin cikin fara aikina da sunanka a saman takarda. Kafin nan, duk wanda zai fitar da gadon Dada sai ya fara ɗauke ni daga bakin ƙofa.

Wassalam,
Abdulmumini.


Herwagana, Gombe.
3 ga Mayu, 2015.

Dozie,

Gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ji an sallami Baba Kanayo ya koma gida, na yi wa Allah godiya ƙwarai.

Tun da ba ka amsa wasiƙata ta biyu ba, na san abin da ka ji daga bakin Bamanga ka ji shi, wato an ɗaga ranar karɓar gida. Ina so ka san yadda aka yi, domin kada ka ɗauka wayonsa ne ko sa'arka.

Asabar ta farko bayan zaɓe, mai sayen ya zo bayan la'asar, bisa sanarwa, kamar yadda na sharɗanta. Na zagaya da shi ko'ina, har ɓangarenku da ke kulle. Da muka iso ƙofar Dada na tsaya na maimaita masa sharaɗin. Bamanga ya fara cewa ai leƙawa kawai za a yi, mutumin ya ɗaga masa hannu, ya koma mota ya fito da mahaifiyarsa, wata tsohuwa mai suna Hajiya Hadijatu, tana dogara sanda. Zan faɗi gaskiya, na so in hana ta ita ma, domin a idona duk wanda ya biyo Bamanga abokin gaba ne. Amma ni na rubuta ƙa'idar, ba zan zama farkon mai karya ta ba. Ta tuɓe takalmi, ta yi sallama, ta jira har aka amsa.

Mun tsaya a tsakar gida muna tsammanin minti biyar. Har aka kira magariba ba ta fito ba. Daga baya Dada ta ba ni labari cewa tsohuwar ko bango ba ta kalla ba. Ta ga fararen kayan da ke jikinta, ta ga gwangwanin, ta tambayi saura nawa. Sannan ta zauna a tabarma ta ce ita ma bara aka kashe mata miji. Kwana tara kacal ta yi a ɗakinsa, mahara suka shigo garin, suka gudu da ƙafa. Sauran kwanakin ta yi su ne a daji, da wata makarantar firamare, da barandar wani ɗan'uwa, har lissafin ya ɓace mata, ba ta san ranar da ta fita takaba ba.

Da ta fito, ba ta dubi Bamanga ba, ba ta dube ni ba. Ɗanta ta duba ta ce, "Ba za a taɓa ko tsintsiya a gidan nan ba sai ta gama. Ni ban samu ba, ita za ta samu."

Ya ce mata su goma sha ɗaya ne a ɗaki biyu inda suke. Ta ce sun yi wata takwas a haka, kwana ashirin da biyar ba zai kashe su ba. Ya amince.

Na tanadi hujjoji cike da fayil, Dozie, ban buɗe shi ba. Abin da na yi wata guda ina nema a wurin wanda ya ci tuwo a ɗakin nan, wadda ba ta taɓa ganinmu ba ta bayar da shi a tsaye, alhali ita ce mai buƙatar ɗakin.

Dada ta fita takaba ranar Laraba, a ɗakinta, gwangwanin babu komai. Hajiya Hadijatu ce ta zo ta yi mata kitso. Ina da ikon zama har ƙarshen Yuli, na kuma gaya wa Dada haka, amma ta ce mutum goma sha ɗaya suna jira, ba za ta ƙara kwana a kansu ba. Gobe za mu koma wurin kawuna a unguwar Gabukka. Ɗakunan Barunde ka ba wanda kake so.

Har yau ba ta san ka yi alkawarin fitar da ita ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba. Ta ba direban da zai kawo maka wannan takarda ƙullin kuka da daddawa na Mama Cordelia, da wani ƙaramin ƙulli na dambun nama, ta ce naka ne, ba ta sa yaji ba. Ta ce in rubuta, a gaishe mata da ɗanta. Na rubuta domin ta umarce ni.

Makullin sabon kwaɗon yana hannun Hajiya Hadijatu. Ba sai ka amsa wannan ba.

Wanda ya kasance maƙwabcinka,
Abdulmumini.