Kukan da Ban Yi Ba

Salamu alaikum, 'yata mai ba da shawara, ki taimaka min. Maƙwabciyata mai aikin asibiti ce ke rubuta min wannan, don ni karatuna bai wuce rubuta sunana ba. Na ce mata yadda na faɗa haka za ta sa, kar ta gyara min baki.

Ni tela ce, mijina ya daɗe da rasuwa. Jikata, wadda nake kira Mai Tsiwa, tana kwaleji tana koyon haɗa fim. Na ɗauka shiririta ce. Sai ga ta da abokan karatunta, wai an ce kowa ya ɗauko wani yana sana'arsa, ita ni ta zaɓa. Suka cika min ɗaki da wayoyi, suka rataya min wata sanda mai gashi kamar jelar kyanwa a saman kai, wai ita ke jin magana. Suka dasa min fitila a fuska. Wuni guda ina taka keke, ido na ta ruwa, ina sharewa ina yi musu faɗa.

Makon jiya ta kai ni makarantar. Wani ɗaki ne mai sanyi, ba taga, an lulluɓe bangon da soso. Ta kashe wuta, ta kunna fim ɗin a jikin bango. 'Yata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Hannuna ya cika bango guda! Har tabon da allura ta yi min tun ina amarya. Keken da nake ce wa gwangwani, ashe kiɗa yake yi. Numfashina ma na ji shi da kunnena. Yarinyar da na goya, ita ke tsayar da ni da yatsa ɗaya, ta mai da ni baya, ta sake ni. Ikon Allah.

To ga matsalar. Akwai inda na ce marigayi ne ya saya min keken. Sai ta yanko inda nake share ido saboda fitilarsu, ta liƙa a nan, ta sa wani kiɗa mai sanyi. Wallahi ni da na san fitila ce, sai da na tausaya wa tsohuwar nan. Amma ban yi kukan ba. Ranar da ya rasu ma ban yi ba. Mun zauna lafiya, lokacinsa ya yi, ya tafi. Keken kuwa sai da na shekara ina mita kafin ya saya.

Fim ɗin shi ne jarrabawarta ta ƙarshe, kuma za a nuna wa jama'a. Malaminta ya ce wurin nan ya fi ko'ina kyau. In na ce a cire, ina tsoron in kayar da ita. In na yi shiru, bayan raina wannan mai kukan za a riƙa nuna wa 'ya'yan jikata a ce ni ce. Ki faɗa min wa zai ba wa haƙuri. In ni ce, in ba ta. In ita ce, ta zo har ɗaki, ba ta waya ba.

Tsohuwa mai keke

Wa alaikumus salam, Iya. Jikarki ta iya aikinta. Wanda ya sa mutum ya tausaya wa kansa a jikin bango ba ƙaramin gwani ba ne. Yanka da liƙi shi ne sana'ar tasu, kamar dai ɗinkinki, kuma ba da mugunta ta yi ba. Da labarin ƙirƙira ne da babu laifi. Amma wannan an ce ke ce, fuskarki ce, don haka kina da bakin magana.

Kada ki je wa malamin. Ita za ki samu, yau ɗin nan, tun da sauran lokacin gyara. Ki sa ta mai da ke ɗakin nan ta buɗe miki abin da ta yanke ta ajiye. Faɗan da kika yi musu kan fitila yana nan, ta sa shi. Labarin shekarar mita ma ki ba ta. Ba zan ce makinta ba zai taɓu ba, amma gara ta koya a kanki da ta koya a kan baƙon da ba zai yafe ba.

Haƙuri ita za ta bayar, har ɗaki. Ke kuma tana bin ki yabon nan da kika yi mata a bayan idonta, ki biya ta a gabanta. Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan mai sayen keke, ya ba Mai Tsiwa sa'a.