Inna Ta Ce A Sa Wa Marainiyarmu Sunan Mai Shirin Talabijin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku sani watanni sun shuɗe, kuma a lokacin raina a jagule yake, mai yiwuwa wani abin ya rikice mini.

Ni ɗan wajen Illo ne, na gama digiri ina koyarwa a Bagudo. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarmu Inna sana'arta bandar kifi. Akwai wani shirin tattaunawa da wata Hajiya ke gabatarwa a talabijin, ba zan faɗi sunanta ba, tana kawo masu damuwa su ba da labarinsu. Inna ba ta wasa da shirin nan, ko kifi na kan wuta sai ta tafi gidan maƙwabta masu sola. In Hajiyar ta share hawaye ita ma ta share, ta dawo tana sa mata albarka kamar ita ta haife ta.

Daminar da ta wuce kwalekwalen su yayana ya kife suna dawowa daga kasuwa ta ɓangaren Benin, ya rasu ya bar matarsa da ƙaramin ciki. Inna ta daina cin abinci, magana ma sai dole. Ana haka sai ga masu shirin sun zo ɗaukar hira da iyalan mamatan a bakin kogi, ni na raka ta. Da farko Inna ta ba da labarin a natse, tana cewa wanda ya ba ta shi ne ya karɓa. Hajiyar ta sa aka tsayar da kyamara, in ban manta ba cewa ta yi wannan ba zai taɓa zuciyar kowa ba. Ta aika gidanmu aka karɓo rigar marigayin, da aka ci gaba da ɗauka sai aka ɗora wa Inna a cinya ba tare da an gaya mata ba. Irin kukan da ta yi ban taɓa ji ba. Hajiyar ta rungume ta, ita ma tana hawaye.

Da aka gama Inna ta ba ni kwandon kifin da ta zaɓa da hannunta in kai wa Hajiyar. A bayan mota na same ta tana dariya da mai kyamara, wai tsohuwar nan ta ba su abin da suke so, tana neman turare don ƙarnin kifi ya kama mayafinta. Kwandon kuwa ta ce kada ya shiga motarta. Har yau in na ji kiɗan buɗe shirin sai in tashi in bar wurin.

To amma daga ranar Inna ta koma cin abinci, ta koma bandarta. Tana cewa kowa haƙuri ya ba ta, Hajiya kaɗai ta taya ta kuka. Shi ya sa na yi shiru.

Yanzu matar yayana ta haifi mace, jibi suna, Inna ta ce sunan Hajiyar za a sa, kuma ni ne zan faɗa wa liman. Na lallaɓa na ce a sa sunanta ita Inna, ta ce wai digirin ne ya ƙeƙasar mini da zuciya, malamin makaranta guda yana kishi da talabijin. Ƙanwata ta ce suna ai suna ne in bari. Ni kuwa ƙyama nake ji, a ce abin da yayana ya bari a duniya ya zama takwarar wadda ta yi kasuwa da rigarsa. In na faɗa wa Inna gaskiya ina tsoron ta koma gidan jiya.

In faɗa mata, ko in haɗiye? Kuma duk wanda ke bakin kogi ran nan, musamman kusa da motar, in ba haka aka yi ba ya gyara mini ta hannun admin. Wallahi na fi son a ce kunnena ne ya yi ƙarya. Amma ku yi kafin jibi da safe, don bakina liman zai kalla.