Inna Ta Hura Mini Kunu

Yaya Ladi,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya maigida da yara? Mu nan Gusau da sauƙi.

Mantuwar Inna ta ƙaru. Ran Lahadi bayan sujada na dama mata kunu, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar wane gida ce?" Sai ta ɗebo a ludayi, ta hura, ta miƙo mini. "Sha a hankali, kada ki ƙone."

Tun muna yara take yi mana haka, ban taɓa gode mata ba. Ranar na gode mata, na gode wa Ubangiji, ina kuka. Ta ce, "Ba komai, baƙuwa."

Ki sa mu a addu'a, ki gai da Kawu. Ki zo tun hannunta bai manta da mu ba.

Ƙanwarki,
Rifkatu