Harawar Akawal Ta Ruɓe

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Hajiya, ya yara, ya zafin Sakkwato? Mu nan Minna lafiya lau, ban da abin da ya sami Akawal, dokin da ka bar mini.

Na bi shawararka, na jibge harawarsa a kan rufin ɗaki yadda kuke yi can. Ashe ruwan Minna ba ya sallama. Harawa ta ruɓe, ya ci, cikinsa ya kumbura. Kwana uku ina zagayawa da shi don kada ya kwanta. Shi ya warke, gwiwoyina ne suka ƙi.

Don Allah ka zo ka ɗauki abinka kafin damina ta kankama. Ka gaida mutan gida, ku sa mu a addu'a. Shawara kuwa, ka riƙe ta can inda ba ta jiƙewa.

Ƙaninka,
Bala