Ƙashi 'yata ta ce, ni na je majalisa na faɗi ɗayan

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a sakaya sunana, ni dattijo ne a unguwar Gwange, nan ƙasar Barebari, da gemuna da jikokina. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana huɗu ko tuwo aka ajiye min sai zuciyata ta tashi.

Autata, mu kira ta Yagana, tana shekarar ƙarshe a karatun gwajin jini. Aikin da aka ba ta shi ne ta duba yadda al'adar mata take taɓa ƙashi. Ta zaunar da ni ta yi min bayani, wai ƙashin mutum kamar katangar ƙasa yake, kullum ana kankare wani wuri ana yaɓe wani, kuma alamar aikin tana fita a jini. Wai a kwanakin al'ada alamar kankarewar takan ɗan hau, daga baya ta sauka. Don haka tana neman matan da za a ɗebi jininsu da safe kafin su karya, sau ɗaya a cikin kwanakin, sau ɗaya bayan sun wuce. Na yi ta gyaɗa kai kamar likita. Aji huɗu na tsaya a firamare, amma na yi shekara uku ina sayar da taya a Kano, saboda haka a gidan nan ni ne farfesan Hausa.

Na ce ta bar min neman matan. Bayan la'asar na tsaya a majalisa na ce kowane magidanci ya gaya wa iyalinsa, 'yata tana binciken kashin mata. Ku na Kano ku yi dariyarku, mu a nan harafin nan mai ƙugiya ba ya fita a bakinmu, da na jiki da na bayan gida duk sunansu ɗaya. Wani maƙwabcina ya ɓata fuska ya tambaya a me za a kawo, ni kuma don kada a ce ban sani ba, na ce a kowane mazubi mai murfi.

Jama'a, an kawo. Gwangwanin madara, robar man shafawa, kwalbar magi, duk an jera a zaurena inda nake shimfiɗa darduma, ga zafin garin nan. Wata baiwar Allah har ta liƙa wa nata suna don kada ya ɓata. An wanke zauren sau uku, turaren wutan matata Hajiya ya ƙare, hancina bai yarda ba har yanzu.

Yagana ta dawo ta gani, ta zauna ta yi kuka. Da ta tambayi wanda ya yi wannan aika-aika na ce ai kin san Hausar uwarki. Hajiya tana wurin, shekara arba'in ina tsokanarta kan harshenta na Barebari, ta dube ni kawai ta ce, Alhaji, Allah ya ƙara ilimi. Tun ranar a robar man shafawa take aiko min da miya. Sabuwa ce, na duba, amma ina.

Matan kuwa sun ji kunya sun yi fushi, sun ce yarinya ta mai da su abin dariya, ba mai ba da ko ɗigon jini. Da yawansu kwanakinsu a satin nan suke, in sun wuce sai wani watan, ita kuma malaminta ba zai jira ba, maimaita shekara za ta yi. Uwargidan maƙwabcin nan ta aiko cewa za su zo, amma sai wanda ya yi kwaɓar ya bi gida-gida ya wanke yarinyar da bakinsa.

To ya zan yi? In kira Yagana in gaya mata ubanta ne, sannan in ɗauki sandata in bi ƙofofin mutane ina zancen al'adar matansu? Ko in lallaɓa Hajiya ta je a madadina, tunda an riga an ɗora mata? Na fi karkata ga in je da kaina, sai dai tun safe nake gwada kalmar a gaban madubi, kuma wallahi har yanzu wancan ɗin ne yake fitowa.