Ƙafata Tana Yawunde

Garwa, watan Afrilu

Gaisuwa mai tarin yawa ga ɗaukacin mahautan Kolofata, manya da ƙanana, masu fiɗa da masu wankin hanji, har da ungulayen bayan kwata. Abakar ƙanena, tashi tsaye ka karanta musu, takardar janar ce. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da matata Mardiya da yara. In rubutun ya karkace ku yi haƙuri, hannun wuƙa ne.

Ni dai ina nan garau sai ƙafar hagu da babu. Kun san inda na bar ta, ƙofar kasuwa, ranar da bam ɗin nan ya tashi muna binciken masu shiga. Ni, Zaharaddin na komite bijilans, wanda gwamnati ta ba usur da tocila ta ce ya tsare gari. Mutan Garwa in na ba su labari sai su saki baki.

Wani babba mai farin kaki ya kira mu ofis, ya maƙala min lambar yabo, ya ce ƙafar roba ta musamman tana zuwa daga Yawunde. Kuma ranar fet, bikin ƙasa na ashirin ga Mayu, za mu yi defile, wato fareti, gaban manya. Ku nemi talabijin. A gai da kowa.

Naku, Zaharaddin

Garwa, watan Yuni

Abakar, bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Wannan kar ka karanta a kwata.

Kun duba talabijin ba ku gan ni ba ko? Na je fa. Na sa rigar komite, na goge lambata da toka. Muna layi rana na dukanmu, wani mai shirya defile ya dubi sandunana, ya ce zan ɓata musu taku. Aka zaunar da ni bayan mota wajen masu sayar da ƙanƙara. Daga nan na ga gwamnati ta wuce, duk ƙafafunta biyu biyu.

Ofis ɗin kuwa na yi sawu har mai gadi ya san ƙarar sandata. Kullum ƙafar tana hanya. Ƙafar da ba ta iya kawo kanta, ni za ta ɗauka?

Zaman nan ya sa ni tunani, kar ka yi dariya. Sarkin fawanmu yana cire kasonsa a kowace saniya, ba mai gardama, don in mahauci ya kwanta ciwo tsoka ba ta yankewa a gidansa. Abin da ya sa ake sarkin fawa ke nan. To gwamnati fa? Hatiminta na kan kowace cinya da muka rataya, jandarmanta na kan kowace hanya. Amma gadin gari mu, rijiya mu, malamin lekol na yaranmu ma iyaye ke riƙe shi. In ba za ta kai tsoka gidan wanda ya faɗi ba, a gaya min aikinta. Da sarkin fawa ne, da tuni mun tuɓe shi.

Mardiya ta aiko cewa wani na neman teburina na nama a kasuwa, kuma mai gurbin ba zai jira bayan babbar salla ba. Mahauci kuwa ba ya fiɗa a zaune.

Saboda haka ka je wajen Zacharie kafinta na bayan coci. Kafin in taho ya ce zai sassaƙa min ta itace, na ce sojan gwamnati ba ya taka ƙafar kujera. Kar ka tuna masa. Ka ce janar ya yi masa izini. Ga zare nan cikin takarda, tsawon ta daman ne daga gwiwa. In ya gama ƙafar ka ba direban Maruwa ya miƙo Garwa, ka naɗe ta cikin buhu kar a ƙwace a hanya a ce ba ta da takarda. Don Allah ka aiko min da ita, Abakar, kafin salla.

Yayanka, Zaharaddin